Daga Kuregen Tulare Zuwa Turken Akuya: Tarihin Zazzaɓin da Ba Sauro Ke Kawo Shi Ba

Idan damina ta kankama a ƙauyukan Gezawa da Minjibir da Dawakin Tofa, ba a barin akuya ko tunkiya ta yi yawo. Gona ta haɗe da gona har bakin katangar gida, don haka kowace dabba tana ɗaure a turkenta, taku kaɗan daga madafi da ƙofar ɗakin kwana. Idan akuya ta yi ɓari, matar gida ko yaron da ke yi mata ciyawa shi ne zai ɗauke ɗan da mabiyiyar da hannunsa, ya jefar a juji, ya ɗauraye hannu ya koma ga aikinsa. Bayan mako biyu ko wata guda, idan zazzaɓi ya kama shi, ba wanda zai tuna da akuyar. Za a ce sauro ne. In magani bai yi ba, a ce taifot ne.

Tazarar da ke tsakanin taɓa dabba da kwanciya ciwo ita ce ta ɓoye wa likitocin duniya wasu cututtuka shekaru aru-aru. Biyu daga cikinsu tarihinsu ya sarƙe da juna. Ɗaya ita ce tularemiya, wadda ƙasashen arewacin duniya suka sani. Ɗayar kuwa tana nan a garkunan ƙasar Hausa, kuma makiyaya sun raɗa mata suna tun kafin a san da madubin ganin ƙwayar cuta a wannan yanki: bakkale.

Masu neman annoba sun tsinci wata

A shekarar 1900 annobar ɓeraye ta shiga birnin San Francisco na Amurka, ta kuma sake tashi a 1907, bayan girgizar ƙasar da ta rusa birnin. Hukumomi sun gano cewa ƙwayar ta tsallaka daga ɓerayen gari zuwa kuregun daji na jihar Kalifoniya, sai aka shiga kamo su ana feɗewa. Cikin masu wannan aiki akwai likitan gwamnati George McCoy. A 1911 ya ba da rahoton wasu kuregu daga gundumar Tulare da ke da kumburin kaluluwa da tabo a saifa da hanta, tamkar masu annoba, amma ba a samu ƙwayar annobar a jikinsu ba. Shekara guda bayan haka, shi da Charles Chapin suka raini sabuwar ƙwayar a ɗakin gwaji, suka sa mata sunan gundumar.

An fara tabbatar da ita a jikin mutum a 1914 a birnin Cincinnati, a idon wani mai yankan nama a gidan abinci. Amma wanda ya ɗinke labarin shi ne Edward Francis. A 1919 aka tura shi jihar Utah, inda manoma ke fama da wani zazzaɓi da ke biyo bayan cizon wani ƙuda dangin bobuwa: gyambo a wurin cizon, kaluluwa a hammata ko matsematsi, sannan makonni na kwanciya daidai lokacin da gona ke neman mai ita. Francis ya nuna cewa ƙudan yana ɗauko ƙwayar ne daga zomayen daji, kuma ita ce dai ƙwayar kuregun McCoy. A 1921 ya kira cutar tularemiya. Daga nan sai sunaye daban-daban suka zama cuta ɗaya: zazzaɓin da 'yan kasuwa masu feɗe zomo ke yi, da wanda kaska ke sa wa makiyayan tumaki, da ciwon zomon daji da likita Hachiro Ohara ya bayyana a Japan a 1925.

Ƙwayar tana da saurin kamu ƙwarai, domin guda goma zuwa hamsin sun isa su kwantar da ƙato. Francis kansa ya kamu, haka ma abokan aikinsa da dama. Daga baya aka sa wa dangin ƙwayar sunansa, Francisella. Mazauninta shi ne Arewacin Amurka da Turai da Rasha da sassan Asiya, ba ta cikin cututtukan da aka sani sun yi gida a ƙasar Hausa. Sai dai tana da wata 'yar uwa a ɗakin gwaji, kuma ta nan ne labarin ya biyo hanyar Kano.

A 1926 Francis da wata masaniyar ƙwayoyin cuta mai suna Alice Evans suka wallafa bincike kan wani abu da ke rikita masu gwaji: jinin wanda ya yi tularemiya yakan amsa gwajin wata cuta dabam, wadda ake kira zazzaɓin Malta. Kamannin ya kai har wasu masana suka taɓa jera ƙwayoyin biyu a dangi ɗaya. Evans ta san zazzaɓin Malta fiye da sanin littafi, domin a lokacin shekararta huɗu tana ɗauke da shi a jikinta.

Tsibirin da ake tatsar akuya a ƙofar gida

Malta ƙaramin tsibiri ne a tekun Bahar Rum, inda Birtaniya ta girke sojojin ƙasa da na ruwa. A ƙarni na 19 wani zazzaɓi ya addabi barikin. Yakan tashi da yamma, ya jiƙa mutum da gumi cikin dare, ya lafa kwanaki, sannan ya dawo, ga ciwon gaɓoɓi da rama. Ba ya yawan kisa, amma yakan ajiye soja watanni a gadon asibiti. An zargi iskar tashar jiragen ruwa, an zargi magudanai, an zargi sauro.

A 1887 likitan soja David Bruce, da taimakon ɗan tsibirin Giuseppe Caruana Scicluna, ya ware ƙwayar daga saifar sojan da ya mutu. Sanin ƙwayar bai nuna ƙofar da take shigowa ba, aka ci gaba da kwanciya har shekara goma sha takwas. A 1904 aka kafa kwamitin bincike. A watan Yunin 1905 wani likita ɗan Malta a cikin kwamitin, Themistocles Zammit, ya gwada jinin awaki shida, biyar suka amsa. Awakin kuwa lafiya lau suke a ido, suna ci suna ba da nono. Ba da jimawa ba aka samu ƙwayar a cikin nonon.

A Malta ta wancan lokaci makiyayi ne ke koro awakinsa cikin gari, ya tsaya a ƙofar kowane gida ya tatsa a gaban mai saye. Jama'a na ganin babu nonon da ya fi wannan tsabta, tunda ba a yi masa algus da ruwa ba. Marasa lafiya a asibitin soja ma da shi ake jinyarsu. A shekarar nan ta 1905 wani jirgin ruwa mai suna Joshua Nicholson ya ɗauki awaki 65 daga tsibirin za a kai su Amurka, ma'aikatan jirgin suka riƙa shan nonon a hanya, da yawansu suka kwanta. A 1906 rundunar Birtaniya ta cire ɗanyen nonon akuya daga abincin sojoji, cikin ɗan lokaci zazzaɓin ya kusan ɓacewa daga bariki.

Talakawan tsibirin ba su samu wannan sauƙi ba. Masu awaki sun ga gwajin a matsayin hanyar kashe musu sana'a, har suka yi yajin aiki a 1906. Masu saye ba su yarda cewa dabbar da suka gada kaka da kakanni za ta cuce su ba. Sai a 1938 aka buɗe cibiyar dafa madara ta gwamnati, kuma Malta ba ta rabu da cutar ba sai 2005, shekara ɗari cif bayan awakin Zammit.

A can Denmak kuwa, tun 1897 likitan dabbobi Bernhard Bang ya gano ƙwayar da ke sa shanu ɓari. Shekara ashirin likitocin mutane na nazarin tasu, likitocin dabbobi na nazarin tasu, ba wanda ya ajiye su gefe da gefe. Alice Evans, ma'aikaciya a sashen madara na ma'aikatar gona ta Amurka, ita ce ta yi hakan, ta wallafa a 1918 cewa ƙwayoyin biyu kusan abu ɗaya ne, saboda haka ɗanyen nonon saniya na iya kwantar da mutum. Manyan masana da masu kamfanonin madara suka yi mata ca, ga ta mace, ga shi ba ta da digirin digirgir. A 1920 aka haɗa ƙwayoyin a dangi ɗaya mai suna Brucella, don tunawa da Bruce. Ita kuwa Evans ta kamu a ɗakin gwaji a 1922, ta yi fiye da shekara ashirin ciwon na tafiya yana dawowa, har wasu likitoci suka ce ƙyuya ce ko damuwar zuciya. Kafin ƙarshen shekarun 1920 bincike a ƙasashe da dama ya gaskata ta, dafa madara kafin sayarwa ya fara zama ƙa'ida a Amurka.

Ƙasar da taki ya raya

Karkarar da ta kewaye birnin Kano ta daɗe tana ba baƙi mamaki. Heinrich Barth, da ya iso a 1851, ya yaba yawan jama'arta da albarkar gonakinta. A shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, daga Jami'ar Ahmadu Bello, ya auna gonakin yankin, ya nuna cewa fiye da kashi tamanin cikin ɗari na ƙasar ana nome ta kowace shekara ba hutu. A yawancin Afirka ta wancan zamani manomi kan bar gona ta huta shekaru ta farfaɗo. A nan babu wurin yin haka, amma ƙasar ba ta mutu ba.

Sirrin shi ne dabba. Da damina ana yi wa awaki da tumaki ciyawa a turke. Da kaka a tara harawar wake da ta gyaɗa a kan rufin ɗaki ko a reshen bishiya, a jingine karan dawa. Abin da dabbar ta ci ya zama taki, a haɗa da toka da sharar gida, jaki ya kwashe a mangala ya kai gona kafin saukar ruwa. Jakunan da ke kai itace birni sukan komo da takin birni. Da rani kuma Fulani kan sauka da shanunsu a gonakin da aka girbe, shanu su ci kara su bar kashi, matan ruga su shigo gari da ƙwaryar nono. Akuya kuwa ita ce asusun matar karkara: da ita ake sayen kayan ɗakin 'ya, da ita ake biyan kuɗin asibiti.

Wannan tsari ya ciyar da miliyoyin mutane a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, kuma masana har yau suna kafa misali da shi. Amma ya sa numfashin mutum da na dabba a tsakar gida ɗaya. Hannun da ke taya akuya haihuwa shi ne ke tuƙa tuwo, kuma hanyar da ƙwayar burusela ta fi bi ke nan. Tana taruwa a mahaifar dabba mai ciki, ta fito da yawan gaske a ruwan haihuwa da mabiyiya da ɗan ɓari, ta shiga mutum ta ƙujewar fata ko ido ko numfashi. Tana kuma fita a nono, wani lokaci shekaru, daga dabbar da ba ta nuna alamar komai.

Bakkale a takardun Vom

Turawan mulkin mallaka sun iske ƙasar da ba ta gama farfaɗowa daga bushiya ba, annobar da ta share mafi yawan shanun yankin a farkon shekarun 1890. Shanu kuwa su ne tushen jangali. Saboda haka da aka kafa sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya, aka kuma mayar da ɗakin gwajinsa Vom a 1924, hankali ya tafi ga cututtukan da ke kashe garke a fili: bushiya, ciwon huhu, sammore, harbin daji. Cutar da ke zubar da ɗan maraƙi ta bar uwar a tsaye ba ta da gaggawa a idon mai karɓar haraji. Duk da haka, tun 1927 ɓari mai yaɗuwa ya fara bayyana a rahotannin likitocin dabbobi na Nijeriya.

Makiyaya sun riga su. Sun san saniyar da ke ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mabiyiya ta maƙale, ta daɗe ba ta sake ɗauka ba. Sun san kumburin ruwa da ke fitowa a gwiwar tsohuwar saniya. Wannan suke kira bakkale, kuma binciken zamani ya tabbatar da cewa ruwan kumburin nan yakan ƙunshi ƙwayar. Abin da ilimin ruga bai haɗa ba, kamar yadda na Turai bai haɗa ba kafin Evans, shi ne alaƙar gwiwar saniya da ciwon bayan mai tatsarta.

An ci nasarar bushiya: gangamin rigakafi na haɗin gwiwa da aka fara a 1962 a ƙasashen tafkin Chadi ya karya lagonta, ta sake ɓarkewa a farkon shekarun 1980, daga bisani aka ayyana shafe ta daga duniya a 2011. Bakkale kuwa ba a taɓa yi mata irin wannan gangami ba, ko da yake akwai allurar rigakafinta ta 'yan maruƙa, mai suna S19, wadda asalinta ke komawa ga 1923 a Amurka, kuma cibiyar Vom na cikin masu sarrafa ta.

A 2012 aka wallafa wani babban bincike da ya gwada jinin shanu 4,745 daga garkuna 271 a jihohin Adamawa da Kaduna da Kano. Kimanin saniya ɗaya cikin huɗu ta nuna alamar ta taɓa haɗuwa da ƙwayar, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na garkunan suna da aƙalla dabba ɗaya irin wannan. A 2014 kuma Marie Ducrotoy da abokan aikinta suka bi diddigin rubuce-rubuce 127 da aka yi kan cutar a Nijeriya tsawon kusan ƙarni guda. Abin da suka fitar ya saɓa wa zaton mutanen birni. Alƙaluma mafi muni sun fi fitowa ne daga gonakin gwamnati da na 'yan kasuwa, inda ake killace shanu da yawa wuri ɗaya ana sayo sababbi ba gwaji, yayin da wasu garkunan Fulani masu yawo ke da ƙarancin kamu ƙwarai. Sun kuma lura cewa nau'in da aka fi tabbatarwa a Nijeriya shi ne na shanu, kuma an same shi har a jikin tumaki da dawaki.

Wannan yana da nauyi ga karkarar Kano ta yau. Burtali yana ƙanƙancewa, makiyaya na zama wuri ɗaya, kiwon turke na ƙaruwa, ana kafa wuraren tara madara, ana sayo shanu masu yawan nono. Kowanne daga cikin waɗannan ci gaba ne ga aljihun manomi, kuma kowanne yana samar da yanayin da ƙwayar ta fi so, muddin dabba za ta fito daga kasuwar Dambatta ko ta Wudil ta shiga garke ba tare da an ɗebi jininta ba.

Zazzaɓin da ke yawo da sunan wani

A jikin mutum cutar ba ta da wata alama tata ta kanta. Zazzaɓi mai zuwa yana komawa, gumin dare, kasala, ciwon ƙugu da gwiwa, wani lokaci kumburin maraina. Idan ta daɗe tana iya cin ƙashin baya, ko ta taɓa zuciya. A ƙaramin asibitin karkara, inda mai duba marasa lafiya ke da gwajin cizon sauro da na taifot kawai, za ta fita da ɗaya daga cikin sunayen nan biyu.

Girman wannan ruɗani ya bayyana a Moshi, arewacin Tanzaniya, inda aka bi marasa lafiya 870 da aka kwantar da zazzaɓi a 2007 da 2008. Likitoci sun rubuta wa kusan kashi 61 cikin ɗari zazzaɓin cizon sauro, amma gwajin ƙwaƙƙwafi ya tabbatar da shi a ƙasa da kashi 2 cikin ɗari. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu cututtukan bakteriya ne da ke fitowa daga dabbobi, ciki har da burusela. Kano ta fi Moshi sauro nesa ba kusa ba, don haka ba za a ɗauko alƙaluman can a ɗora nan ba. Darasin dai yana nan: abin da ba a nema ba, ba a samunsa, kuma abin da ba a samu ba, ba ya shiga kasafin kuɗi.

Kuskuren suna kuwa yana da tsada. Ƙwayar burusela tana ɓuya ne a cikin ƙwayoyin halittar jiki, shi ya sa maganin kwana biyar ba ya kai mata. Ka'idar jinyarta ita ce haɗa magunguna biyu, galibi doksisaikilin na mako shida tare da allurar sitireftomaisin ko jentamaisin, ko kuma rifamfisin, a ƙarƙashin kulawar likita. Na ƙarshen nan ginshiƙi ne a maganin tarin fuka, don haka shan sa barkatai wata ɓarna ce ta daban. Magidancin da aka yi ta ba shi maganin sauro yana iya rasa damina guda, ya sayar da akuyar da za ta fanshe shi, alhali gwajin da ake kira Rose Bengal, wanda ɗigon ruwan jini da 'yan mintoci kawai yake bukata, yana cikin mafi araha a duniya.

Abin da Malta ta bari

Kariyar da tarihi ya tabbatar ba ta fi ƙarfin gidan karkara ba. Tafasa madara yana kashe ƙwayar, kuma a nan al'ada ta riga ta yi rabin aikin, tunda kindirmo na gaskiya sai an dafa madara kafin a zuba mata iri. Haɗarin yana ga ɗanyar madara da ake sha da ɗuminta, ta saniya ko ta akuya ko ta raƙumi, da nonon da aka bari ya yi tsami ba a dafa ba, domin tsami yana rage ƙwayar amma ba ya ba da tabbaci. Ɗan ɓari da mabiyiya a ɗauke su da leda a hannu, a binne su da zurfi inda kare ba zai tono ba, a ware uwar daga sauran dabbobi. Mahauta da masu feɗe a Abbatuwa da mayankun ƙauye su rufe rauni kafin su sa hannu a cikin dabba. Mai jinya kuma ya ƙara tambaya ɗaya ga mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani: ko wata dabba ta yi ɓari a gidan kwanan nan?

Sai dai Malta ta bar wani gargaɗi da ya fi waɗannan wuya. Sojoji sun tsira cikin shekara guda saboda umarni ya ishe su. Talakawa sun jira ƙarni guda saboda an tunkari mai akuya a matsayin mai laifi, aka nemi ya yanka jarinsa ba tare da diyyar da za ta gamsar da shi ba, shi kuwa ya ɓoye dabbarsa. A ƙasar da tuni ake ɗora wa makiyayi laifuffuka iri-iri, shelar da za ta sa mutane su guji ƙwaryar Bafulatana za ta karya sana'ar dubban mata, ta hana yara abinci mai gina jiki, kuma ba za ta warkar da saniya ko ɗaya ba. Abin da ya yi aiki a ƙasashen da suka shawo kan cutar shi ne rigakafin dabbobi da gwamnati ta ɗauki nauyinsa, da gwaji kafin saye, da malamin dabbobi da malamin asibiti da ke sanar da juna abin da suka gani.

McCoy ya je neman annoba ya tarar da cutar da ba a san da ita ba, saboda bai yarda ya rubuta sunan da aka saba ba a kan abin da bai yi daidai da shi ba. Zammit ya ɗebi jinin akuyar da kowa ke gani lafiyayya. A ƙauyukan arewacin Kano, ilimin ya riga ya kasu gida biyu: makiyayi ya san bakkale a gwiwar saniyarsa, malamin asibiti ya san zazzaɓin da ke komowa bayan kowane magani. Tsakanin rugar da asibitin sau da yawa tafiyar ba ta kai ta awa guda a ƙafa ba.